Man Kaɗen Katako a Labo

Zuwa ga Maman Samira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarku da ta Inna? Yaya nauyin jikin Samira? Ni lafiya lau, sai sanyin Faransa da ya raina rigunana duka.

Kin tambayi aikin da ya raba ni da Yamai. A labo, wato ɗakin bincike, sinadarai biyu nake haɗawa, masu kama juna su saki, su sake kamawa. Ina ɗiga su cikin 'yar kwalba, na'ura ta ratsa ta da hasken da ido ba ya gani, ta gaya mini ƙarfin riƙon. Da furfurata, ga abin da nake gadi.

Sati uku awon ya ƙi daidaita. Ashe man kaɗen da kika sayo mini a kasuwar Katako ne. Ina shafawa saboda hannu na tsagewa, in taɓa kwalbar, shi kuwa shanye wannan hasken yake yi. Shugabar labo ta shinshina kwalbar, ta miƙo mini safar hannu.

Dole in sake awon daga farko, an ƙara mini wata biyu. Ke nan za a yi sunan jikanmu na fari ba ni. Ki lallashi Samira, ni ma ina neman mai lallashi. Ranar suna ki kira ni, ki ajiye wayar kusa da liman, in ji sunan da kunnena, in ce amin tare da ku.

Allah ya sauke ta lafiya.

Naki,
Lawali