Layin da Yaya Ta Kashe

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Tunda ka mayar da wayata abin kallo, tana ƙara kana harararta, ga takarda. Direban da ya kawo ta zai ba ka faifan ajiya, a ciki akwai fim ɗin da na ɗauka na Baba a shagonsa. Ka sani ko ba ka sani ba, idonsa ya yi rauni, ƙarshen wata zai rufe shagon kafinta gaba ɗaya. Tsofaffin yaransa za su taru ranar, a nan nake so a nuna fim ɗin.

Na gama yanka da jera hotuna. Sauti ne ya gagare ni: ga ƙarar janareta, ga zarton maƙwabci, ga tarin Baba. Duk taurin kanka ban san wanda ya fi ka kunne ba. Na fitar da aikin yadda manhajarka ta tace fim za ta karɓa, tunda ka rantse ba za ka taɓa irin tawa ba. Ba sulhu na ce ka yi da Baba ba, gyaran murya na ce.

Ka gaishe da matarka. Wassalam.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya aiki, ya Baba da jiki.

Saƙo ya iso, amma wallahi Yaya wannan ba aiki kika aiko mini ba, ciwon kai ne. Ina buɗewa rabin allon ya yi jawur, wai ba a ga fayil ba, saboda kin canza musu suna bayan kin fitar. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman awaki. Rubutun da kika ɗora a farko ya ɓace. Launin da kika gyara ya koma fari fat. Duk wannan na haɗiye, na saba da aikinki.

Amma akwai wurin da ake nuna hannun Baba yana goge katako da randarsa ta kafinta. Ke a wajenki kin kashe sautin wurin, kin ɗora kiɗa. Sau nawa na gaya miki abin da ba kya so ki goge shi, kada ki kashe? Manhajata ba ta san kin kashe ba. Duk layin sautin da kika rufe wa baki, a nan ya farka.

Na ji muryarki kina cewa, "Baba, wa za ka bar wa kayan aikin?" Na ji ya ce, "Wa nake da shi? Ɗan da na haifa ya ce ƙurar katako tana sa shi tari. Ni ba ni da magaji."

Da abin sauraro a kunnena na ji wannan, Yaya, tar, kamar yana tsaye a bayana. Wato ni za a ba wa maganar da aka yafe ni a ciki in wanke ta, in cire mata ƙarar janareta don ta fito sosai? Mutumin da ya kira sana'ata zaman danna-danna a gaban yaransa? Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da ke ya fi ɓaci, don kin ji kin binne kin miƙo mini kina murmushi. Ki nemi wani ya yi miki. Faifan yana nan, duk direban da kika turo zan ba shi.

Na gode. Ki huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, don an koya mini gaisuwa ko ina fushi.

Kai ko kunya ba ka ji ba? Mai tace fim guda, wanda yake cika baki ya fi kowa sanin aiki, shi ne zai ji guntun magana ya hau sama? Kai ne fa ka koya mini cewa idan za a tura aiki wata manhajar, a tattara iya abin da aka yi amfani da shi kawai, kada faifai ya cika. Haka na yi. Hoton hannunsa nake so, shi na yanka, shi ya zo maka da ɗan abin da ke manne da shi. Inda hoton ya ƙare nan maganar ta yanke a wajenka. A wajena ba ta yanke ba, kyamara ta ci gaba da ɗauka.

Kuma da kake cewa na binne, eh na binne. So kake in kunna wa taron mutane uba yana kukan ɗansa? Ban goge ba saboda ba na goge muryar Baba, ko tarinsa ne. Wannan ɗabi'ar tawa da kake zagi, da ita zan mutu.

Ni nake kai shi asibiti. Ni nake karanta masa awo yanzu, don ba ya ganin lambobin jikin tef. Rannan ya sa hannu yana laluben fensir, fensirin yana bayan kunnensa, na shiga bayan shago na yi kuka na fito. Kai kana can cikin ɗaki mai sanyi kana jin haushin fayil ya yi ja.

Sauran ɗaukar tana kan babban faifaina, kuma ba zan turo ba. Ba zan kuma gaya maka abin da ke ciki ba, ban ga ka cancanta ba. Mai son ji ya tako da ƙafarsa. Na gaya wa Baba duk abin da ya faru, ka ji haushin wannan ma. Ga takardarsa nan a ciki, da kansa ya rubuta, ya hana ni taimaka masa.

Allah ya shirye ka.
Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka. Rubutun zai karkace, da fensirin aiki nake yi kuma ba na ganin layi.

Yayarka ta ce na'urarka ta tono maganata ta kai maka rabi. To na faɗa, bakina ne, ban ce ƙarya aka yi mini ba. Kai ma ka faɗa mini maganganu ranar da ka fita, babu na'urar da ta ɗauka, amma ina jin su kullum in na buɗe shago.

Ba na son a aiko maka da ni a cikin faifai. Ina da rai. Kayan aiki duk na raba wa yara, ban da ƙaramar randar da na yi maka lokacin da tawa ta fi ƙarfin hannunka. Ita na ciro daga aljihun tebur bayan na yi waccan maganar, abin da yayarka take ɓoye maka ke nan. Na wasa ta. Ban san me zan yi da ita ba in an rufe.

An ce a sana'arka babu mai kunnenka. Ban taɓa jin aikinka ba, kuma yanzu kunnen ne ya rage mini.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa.

Na gama. Janareta ya fita, zarto ya fita, tarin na rage ban cire duka ba. Launin kuma ki sake shi da kanki, ba laifina ba ne, kuma har gobe manhajarki ba ta da kai.

Kada ki turo direba, ni zan kawo faifan. Ki ce wa Baba har yanzu ƙurar tana sa ni tari, ya bar taga a buɗe.

Sai na zo.
Auta