Ƙoraina da Masu Talabijin

Litinin, 4 ga Maris, 1974
Malama Hilda, wadda muke koyarwa tare a Jimeta, ta ce masu talabijin za su zo daga Kaduna. Shiri suke yi kan sababbin masu zane, kuma wanda ya burge su za a tura shi karatun zane Zariya. Ta ba su sunana, ni da ban taɓa ganin talabijin ba.

Alhamis, 7 ga Maris
Na ƙona zane a jikin ƙorai uku da ƙarfe mai zafi. Ɗaya jirgin ruwa a Binuwai, ɗaya babbar mota, ɗaya masuntan tafkin Njuwa. Gogo, ƙanwar babana, wadda ta koya mini zanen ƙwarya, ta duba ta taɓe baki. Wai na ɓata ƙorai masu kyau.

Asabar, 9 ga Maris
Masu talabijin sun zo unguwarmu, Wuro Hausa. Mai tambayar ya ɗaga ƙwaryar jirgi a gaban na'ura, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Gogo na zaune gefena a tabarma. Da wane bakin zan ce ni, a gaban wadda ta riƙe hannuna tun ina ƙarama? Na sunkuyar da kai na ce, "Aikin Gogo ne." Haka ake yi a gidanmu. Babba ne zai ce a'a, na yarinyar nan ne. Na jira. Ita kuma kunyar baƙi maza ta hana ta buɗe baki, sai ta ja mayafi.

Mutumin ya ce, "Ai tsofaffi muna da su da yawa." Suka naɗe wayoyinsu.

Lahadi, 10 ga Maris
Ban ci abinci ba.

Laraba, 20 ga Maris
Hilda ta bi su masauki washegarin zuwansu, ashe sun wuce Mubi. Tana ta faɗa: "Asta, ke ce kika yi, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ba za ta gane ba. Ni ma na daina ganewa. Haushin Gogo nake ji, ina kuma jin kunyar haushin.

Juma'a, 19 ga Afrilu
An ɗauki wani yaro mai sassaƙa daga Numan. Allah ya ba shi sa'a.

Yau masu biki sun kawo ƙorai goma, na yi musu zanen da kowa ke yi. Gogo ta jujjuya ɗaya ta ce yanzu hannuna ya zauna. Na ce na gode. Abin da ya ba ni tsoro, na ji daɗin yabon.