Kaskar Ƙyalla da Antin Auta

Litinin, 3 ga Yuni

Yau ma "Anti ta ce". Tunda 'yata Auta ta gama sakandare ta fara zuwa taimako a asibitin dabbobi, ba a magana a gidan nan sai an sako likitar, wadda take ce wa Anti. Ina tsugune a turke ina cire wa tunkiyata Ƙyalla kaska a kunne, ina fasa su da farce yadda na saba, sai ga ta a kaina: "Umma, don Allah daina fasawa! Anti ta ce jinin cikinsu akwai cuta, har mutum yana ɗauka." Na ce tun Antin taki tana rarrafe nake kiwo. 'Ya a tsaye tana gyara wa uwarta, uwar a tsugune. Tarbiyyar zamani ke nan.

Laraba, 5 ga Yuni

Auta ta zo da hantsaki da safar hannu da 'yar kwalbar kananzir, wai a ciki ake jefa kaska. Kyautar Anti. Ta jera su a kan taga, kullum sai ta goge. Rigar da na ɗinka mata har yau tana cikin leda.

Asabar, 8 ga Yuni

Ƙyalla ta ƙi dusa. Kunnuwanta zafi rau. Auta ta buɗe mata ido ta ce cikin fatar ya yi fari, a kira Anti. Na ce ba a kiran kowa, na jiƙa mata kanwa. Babansu yana alwala ya ce, "Wai likitar nan taka miki ƙafa ta yi ne?" Ni ma na yi sakandare, na san zazzaɓi in na gan shi.

Lahadi, 9 ga Yuni

Har ɗaurin ɗankwalin likitar Auta take kwaikwayo yanzu.

Talata, 11 ga Yuni

Fitsarin Ƙyalla ya koma kamar ruwan shayi. Ɗanta yana ta tunkuɗar hantsa, ba nono. Auta ta sa kuka: "Umma, ki yi fushi da ni, amma ita tunkiyar me ta yi miki?" A gaban yayarta ta faɗa min haka. Na ce daga yau ta daina zuwa asibitin nan, tunda abin da ake koya mata ke nan. Wurin da zai sa yaro ya ɗaga wa uwarsa murya ba wurin arziki ba ne, ko da ilimin duniya ake rabawa.

Na daɗe a turke. Ƙyalla ko kai ba ta ɗagawa.

Laraba, 12 ga Yuni

Babansu ya kira likitar ba da sanina ba. Na so a ce mai girman kai ce. Sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, "Mama, ina wuni." Ta ɗebi jini a kunnen Ƙyalla ta shafa a wani ɗan gilashi, ta yi mata allura. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suke aiki. Kafin ta miƙa hannu Auta ta sa mata abin da take so. Ba magana. Ni da na haife ta sai na kira, na sake kira.

Da za ta tafi ta ce, "Mama, in kin ji zazzaɓi ki je asibiti, ki gaya musu kina taɓa kaska." Na ce lafiyata ƙalau.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ƙyalla ta mutu da hantsi. Auta tana ba ɗan ragon madara a kwalba, tana yin duk abin da na sa ta, "To, Umma." Da ta yi min rashin kunya ma da ya fi min sauƙi.

Litinin, 17 ga Yuni

Na sa Auta a gaba muka je asibitin don in gaya wa matar baki da baki cewa 'yata ta daina zuwa. Muka tarar ta fita duba shanu. Muna jira, Auta ta ce, "Umma, zo ki ga abin da ya kashe ta." Ta sa gilashin jinin Ƙyalla a madubin da ke ƙara girman abu, ta murɗa, ta ce in rufe ido ɗaya. Ta dafa ƙeyata tana gyara min kai, yadda nake yi mata in zan mata kitso. "Kin ga jajayen nan? Jininta ne. Ɗige-ɗigen ciki su kaska ta zuba mata, su suke fasa jinin." Muryarta ta dawo. Ta yi ta bayani, ni take yi wa, ba kowa ba.

Gaskiya dishi-dishi kawai na gani. Na ce na gani.

Ban jira likitar ba, rana ta yi, ga girki.

Talata, 18 ga Yuni

Auta ta shirya da sassafe ta tsaya a bakin ƙofar kicin, jaka a hannu, ba ta tambaya ba. Na ce ta gyara ɗaurin nan, ya yi baya da yawa, kuma ta dawo kafin magariba. Ɗan ragon ni zan ba shi madarar.