Ɗanjuma, Mene Ne Ainihin Sunan Tela Asabe?

Zuwa ga Ɗanjuma, abokina da Duwala ta riƙe,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa ta mutunci daga Garwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, aiki yana tafiya, ruwan saman Duwala kuma bai sa maka mura ba. Mutanen Jambutu suna gaishe ka, da waɗanda suka yi fushi da kai da waɗanda ba su kai ga yi ba tukuna. Ni ina cikin na farko.

Na san za ka ce me ya sa na kawo maganarmu bainar jama'a, a wannan dandalin sada zumunta. Na aiko maka saƙo a keɓe har na gaji. Ina ganin alamar ka buɗe, ka karanta, ka rufe. Na kira, ka bar wayar tana ta kuka. Amma hoto kam ba ka fashi: yau ga ka a bakin teku, gobe ga ka da kiravat a wuya kana kallon sama. Tunda nan ne wurin zamanka, nan na biyo ka. Duk wanda ya leƙo ya karanta, ya zama shaida.

Abin da nake ta roƙonka ka san shi, sunan fim ɗaya ne. Idon Kawu Iliya yana mutuwa, yana son ƙarshen fim ɗin da muke ce wa Tela Asabe, kuma duk duniyar da muka sani kai kaɗai ka san yadda masu shi suke kiransa.

Bari in tuna maka daga farko, tunda da alama iskar teku tana wanke ƙwaƙwalwa.

Kawu Iliya ba kawunka ba ne, ba kawuna ba ne, amma ba mu taɓa kiransa da wani suna ba. Tela ne, ya sauko daga duwatsun wajen Mokolo tun yana saurayi, ya kafa kekensa a layinmu kafin a haife mu. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci sai ya rufe keken da tsohon zani, mu kuma muna idar da azahar mu cika masa shago. Kai ka zo da kwamfutarka, ka haɗa ta da ƙaramin talabijin ɗin da ke kan kabad ɗin yadi. Ranar farko cewa ya yi, "Zanen yara za ku cika mini shago da shi?" Kafin damina ta fita shi ne yake fara tambaya ko ka iso.

Kai ne bakinmu. Mutanen cikin fim suna Japananci, rubutu yana gudu a ƙasa da Faransanci, kai kana juya shi Hausa nan take, ba ka ko haɗiyar yawu. In mugu ya fusata sai ka koma Fulatanci don abokinmu Bakari ya ji daɗi. In tsohuwa ce sai ka toshe hanci. Doka ɗaya muka yi: babu mai kallon gaba shi kaɗai. Wanda ya leƙa a ɓoye ya zo yana murmushin sani, ranar shi ne mai sayen kunun aya... a'a, ba ma wannan ba, waje ake zaunar da shi, yana jin muryarka ta taga.

Sunaye kuwa saboda Kawu ka fara canza su. Ya ce sunan da harshensa ba zai iya ɗauka ba, ba zai iya tausaya wa mai shi ba. Daga nan kowane jarumi ya zama ɗan unguwa. Muka kalli Garba Mai Ci, wanda ba ya faɗa sai ya share tukunya. Muka kalli 'Yan Makarantar Aljanu. Muka kalli Likita Marar Dariya. Har yau in na ce wa wani ɗan lise, wato ɗan sakandare, ya nemi Garba Mai Ci, sai ya dube ni kamar na sha wani abu.

Ka tuna gardamar da ake yi kafin a kunna? Bakari ba ya son komai sai duka. Fim ɗin da naushi ɗaya zai ci Lahadi guda, ana tafe ana tuna yarinta, shi ne nasa. Ƙawarmu Habiba kuma sai wanda zai sa ta kuka, ta fito da jan ido tana cewa wallahi ba ta ƙara kallo, mako na zagayowa ta riga kowa kama benci. Ni ina son na wayo, inda ake cin nasara da kai ba da hannu ba, ku ce ina son lissafi ne kawai don na kasa shi a aji. Kowa yana tallan nasa, kowa yana kushe na ɗan uwansa, har sai Kawu ya buga almakashi a tebur.

Tela Asabe ce kaɗai ba a yi gardama a kanta ba. Yarinya ce mai ɗinke mayafin jirgin ruwa, jirgin da ke tafiya bisa gajimare, tana neman garinsu da guguwa ta ɗauke. Ba ta da takobi, ba ta da sihiri, allura ce da zare. Kyaftin ɗin ka sa masa Alhaji Mai Goro. Tafkin da suka sauka ka ce Lagdo ne. Dutsen nan mai tsini da suke ta hange ka rantse Haƙorin Mindif ne, Japanawa suka sato hotonsa. Kawu ya matso da kujerarsa har gaban gilashi ranar da ta lashi bakin zare kafin ta zura shi. Sai ya ce, "Wanda ya zana yarinyar nan, uwarsa tela ce."

Sai aikinka na Duwala ya fito. Mun yi murna, Allah ya sani mun yi. Ka juye mana komai a kile, ɗan ƙaramin abin ajiyar nan mai jan murfi, ka ce sauran Tela Asabe ba ka sauke ba tukuna, da ka isa za ka turo. Muka raka ka tasha, Kawu har da ɗaga hannu.

Bayan ka tafi muka gane irin aikin da ka yi mana. Don kile ta ɗauki da yawa, ka yanke waƙar farko da ta ƙarshe a kowane kashi, wurin da ake rubuta sunan fim ke nan. Ka matse hoton har fuskoki suka dushe. Kowane kashi ka rubuta masa sunanmu: Asabe a Lagdo, Asabe da Alhaji sun ɓata, Asabe ta ƙone. Rubutun Faransancin kuma ashe a kwamfutarka yake zaune daban, ya bi ka Duwala. Abin da ya rage mana hoto ne da Japananci tsantsa. Kashi na ƙarshe ya tsaya daidai inda mayafi ya yage, jirgi yana faɗowa, hannuwan Asabe duka a naɗe da tsumma, ta sa allura a baki. Nan ka bar mu, Ɗanjuma. Nan ka bar dattijo.

Kada ka ce ban nema ba. Babu rumfar masu tura fim a waya da ban shiga ba a babbar kasuwa. In tsaya in ba da labari tun daga guguwa, yaro yana danna kwamfuta yana gyaɗa kai, in gama ya ce, "Wala, babu shi, patron, amma akwai wani sabo mai zafi." Wani ya ce in ɗauki hoton gilashin in tambayi intanet. Na ɗauka, na tambaya. Saboda dushewar da ka yi masa, tallan labule ta nuna mini.

Na rubuta a nan ma, ka gani, na san ka gani. Jama'a suka yi caa. Wannan ya ce tabbas wane ne, wancan ya ce a'a, ai wanda na kwatanta tsohon yayi ne, in bar shi in kalli nasa. Aka jera mini finafinan da ko zan yi shekarun Kawu ba zan gama ba. Kafin la'asar an manta da ni, an koma faɗa tsakanin waɗanda suka tashi da kallon na gidan talabijin mai muryar Faransanci da waɗanda suka ce in ba muryar Japan ba ce to ba kallo aka yi ba. Har da zagin iyaye. Na gode musu, da zuciya ɗaya suka yi, amma ni ba fim mai kyau nake nema ba, fim ɗaya nake nema.

Wani bawan Allah ya rantse ƙaninsa a Lagdo yana da shi cikakke. Na rufe rumfata ta kayan babur na hau hanya. A shinge jandarma ya karɓi katina ya tambayi abin da zai kai ni, na ce zanen Japan zan karɓo wa wani tsoho. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na isa, na sami ƙanin a wurin bandar kifi, ya share hannu ya buɗe mini waya: wasu 'yan mata ne masu tseren keke. Na dawo da ƙullin busasshen kifi da ciwon baya.

A duk wannan, sau ɗaya ka yi magana. Ƙarƙashin rubutuna ka sa, "Har yanzu kuna nan kan desan anime, zanen yara? Ku girma mana." Sannan ka goge. Na riga na gani. Habiba ma ta gani. Kawu ba mu faɗa masa ba.

Ran nan raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai gyaru ba. Mu girma? Kai da ka yi kukan mutuwar Alhaji Mai Goro har muryarka ta sarƙe, aka tsayar da fim aka ba ka ruwa? In abokan aikinka ne kake jin kunya, ba mu ce ka sa hoton Asabe a goshi ba. Kalma biyu ko uku ce. Ka rubuta, ka turo, ka goge in kana so, ai ka iya gogewa.

Kuma farar rigar nan da kake ɗaura wa kiravat, na gane ta. Na gane bakin aljihun. Kawu ne ya ɗinka maka ita da za ka je ganawar neman aikin, ya warware wuyan ya sake saboda ya ce mutanen kudu wuya suke fara kallo. Lokacin ma yana kai allura kusa da hanci kafin ya ga kafarta, mu muna yi masa dariya muna cewa tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. A asibiti sun ce hawan jinin ido ne, an makara. Na hagu ya tafi, na dama yana rufewa daga gefe, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ya daina yanka, ya daina zura zare, ɗinkin miƙe kawai yake yi da lalube. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Abin da yake cewa kawai in na shigo, "Mutumin namu ya turo?" In ce hanyar sadarwa ce ba kyau. Ya ce haka ne, kudu akwai ruwa.

Ban san abin da Duwala ta yi maka ba, mutumina. Na je gaida Inna, mahaifiyarka, ta ce ɗakin da kake ciki ku da yawa ne, kana fita da duhu kana dawowa da duhu. Wataƙila hotunan nan su ne kaɗai wurin da kake hutawa. Wataƙila in ka tuna shagon Kawu wani abu ne yake tokare maka ƙirji, shi ya sa kake kawar da kai. In haka ne na fahimta, don ni ma na yi kewarka fiye da yadda zan faɗa a gaban mutane. Benci yana nan, babu wanda yake zama a gefenka na kusa da wayar talabijin.

Lahadin da ta wuce Kawu ya ce in sa masa kashin ƙarshen nan ya ƙara gani. Bakari yana wurin, Habiba tana wurin. Na kashe sautin don Japanancin yana rikita ni, na shiga faɗin abin da na tuna daga bakinka, ina tuntuɓe, ina haɗa muryar Asabe da ta sauran mutanen jirgi. Ana cikin haka aka ɗauke kuran, lantarki ya tafi. Gilashi ya yi baƙi ƙirin. Na tsaya ina jiran ya yi tsakin da ya saba.

Bai yi ba. Yana nan zaune, ya miƙa wuya gaba, fuskarsa tana kallon talabijin. Ya ce, "Ci gaba mana, Sali, me ya tsayar da kai? Ta kama mayafin?"

Habiba ta tashi ta fita. Bakari ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ci gaba, na kai shi har inda ta sa allura a baki, ina kallon baƙin gilashi.

Don haka suna kaɗai bai isa ba yanzu. Ka turo shi, za mu kalla mu ma. Amma Kawu ba zai gani ba, ji zai yi, kuma ni ban iya ba, na gwada a gaban shaidu. Ka nemi sauran kashin, ka zauna ko a bakin gadonka ne, ka danna wurin ɗaukar murya, ka yi masa kamar yadda kake yi. Ka toshe hanci in tsohuwa ta zo. Ka ce Lagdo, ka ce Mindif. Ka faɗa masa ko yarinyar ta iya ɗinki da baki, ko jirgin ya faɗi. In ma ya faɗi ka faɗa masa gaskiya, ya ga abin da ya fi haka.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya buɗa maka, ya raba ka da sharrin gari da na zuciya. Allah ya ba Inna lafiya ta ci moriyarka. Allah ya sassauta wa Kawu Iliya, ya bar masa kunnuwansa har ranar da za ka ga dama.

Naka, da fushin da komai,
Sali, Jambutu, Garwa