Igiyoyin Tsakar Gidan Baba

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aikin asibiti, ya gajiya? Allah ya sa kana cin abinci a zaune, ba a tsaye ba kamar yadda ka saba.

Yau kwanana tara a gidan Baba. Kwana uku na zo yi aka rufe hanyoyi saboda cutar nan, ga waya ba ta kamawa. Direban motar kayan lambu zai kawo maka wannan, shi kaɗai ake bari ya wuce shinge. Don Allah ka lallaɓa shi ya sama mini wuri, ko a kan buhun albasa ne zan zauna.

Ka san ni da zama wuri ɗaya. Keken ɗinkina na can kulle a shago, hannuna sai ƙaiƙayi yake. Na share gidan nan har tsintsiya ta gaji, na wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba. Baba ya ce wai na fi kazar da ke neman wurin ƙwai zirga-zirga.

Amma kada in yi butulci. Da safe ina ɗauko ƙwai da ɗuminsa, in riƙe shi a tafin hannu kafin in ajiye. Akwai ɗan akuyan da ya ɗauki gefen zanina abinci. Da yamma mukan zauna ɓarar gyaɗa, Baba yana gaya mini wace kaza ce ta yi kuka, ko waiwayawa ba ya yi.

Abu ɗaya ke ba ni haushi: igiyoyi. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa rijiya, daga rijiya zuwa akurki, daga nan zuwa banɗaki, duk daidai ƙugu, duk ƙulle-ƙulle. Ya ce na shanya ne. Wa ke shanya daidai ƙugu? Tun rasuwar Mama gidan nan ya rasa mai kintsa shi.

Ka kula da kanka.
Matarka, Auta

Maigidana,

Ina gaisuwa, da fatan kana nan ƙalau. Saƙonka ya iso, direba ya ce in shirya ranar Alhamis. Na so in yi murna, amma na yi ɓarna.

Jiya da rana Baba yana hutawa na kwance igiyoyin nan kaf, na warware kowane ƙulli, na naɗe su tsaf na rataye. Bai sake fitowa ba, ɗaki na kai masa abinci, don haka bai sani ba. Yau da safe na dawo daga akurki na tarar da shi tsaye a tsakar gida, buta a hannu, ɗayan hannun yana lalube a iska. Taku uku ne tsakaninsa da bakin rijiya. Ina gabansa, yana kallon gefena.

Baba ba ya gani, maigida. Kwana goma sha biyu ina gidan nan ina ƙirga ranakun tafiya, ban lura ba. Na kama hannunsa, ya ce in sake shi, iska yake sha. Ban sake ba. Kunya da tsoro sun hana ni cin komai, na buɗe jakata na rufe ya fi sau biyar.

Ka yi mana addu'a.
Auta

Maigidana,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ka yi haƙuri, motar za ta iso babu ni.

Shekaranjiya muna ɓarar gyaɗa ya faɗa mini da kansa. Shekara biyu ke nan idon yana dushewa, yanzu haske kawai yake bambancewa da duhu. Ya ɓoye ne don kada mu ɗauke shi mu ajiye a birni, ya bar kajinsa da ɗakin da suka zauna da Mama. Igiyoyin kuma Mama ce ta ɗaura masa kafin ta kwanta ciwo. Ƙulli ɗaya yana nufin akwai tudu, biyu a karkata, uku rijiya ta kusa. Hannunta na ƙarshe a gidan nan ke nan, ni kuma na warware shi a yini ɗaya don na rasa abin yi.

Jiya muka mayar da su. Yana faɗa mini wuraren, ina ɗaurawa. Da muka gama ya bi igiyar rijiya a hankali, ya tsaya a kan ƙulli ukun yana murza su da yatsa. Ya ce, "Irin nata kike yi, Auta. Sai dai ke kina sauri."

Ga direba can yana ta danna oda. Ka yi wa likitan ido na wurinku magana, ko da abin da za a iya yi in an buɗe hanya. Idan motar za ta dawo, ka ɗora mini kekena. Baba ya ce ya yi kewar ƙararsa, tun keken Mama bai sake ji ba.

Taka har kullum,
Auta