Gangar da Take Jiran Ƙafar Tela

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaya me ya sa aka daina ganina a wajen wasa. Ban ajiye ganga ba, Yaya, wuri ta sauya. Ƙungiyar sa-kai da muka kafa don masu shanyewar ɓarin jiki ta cinye ni. Asibiti ta ba mu wani dogon ɗaki mai sandunan ƙarfe biyu, waɗanda majinyaci ke dafawa yana koyon tafiya. Ni nake raba aiki, wannan ya ɗauko marasa lafiya, wancan ya goge daɓe, wata ta riƙe kafaɗa. Rabin wunina a waya yake ƙarewa, ina lallashin mutanen da suka yi alkawari da bakinsu. Sauran rabin ina zaune a ƙarshen sandunan da ƙaramar ganga, in buga, su taka. Likitar da ke duba su ce ta lura ƙafar da ta ƙi jin magana tana jin kiɗa.

Akwai wani dattijo tela da ya tsaya mini a rai. 'Ya'yansa sun gaji da jigila, sun ce in wata ya ƙare bai kai ƙofa da ƙafarsa ba, za su daina kawo shi. Kin san ma'anar wannan, kwanciya ce har abin da hali ya yi. Ga shi shugaban kiɗanmu ya samo mana zagayen wasanni, irin wanda na daɗe ina mafarki, kuma tafiyar kafin ƙarshen wata ce. Na kasa zaune, na kasa tsaye.

A gaida kowa.
Ƙanenki, Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ji faɗanki, in tafi in nemi abin kaina, asibiti ba gadona ba ce. Na so in bi maganarki.

Dabara na yi. Na shiga ɗakin ɗaukar sauti na buga kiɗan koyon tafiyar tsaf, ko gargada babu, don 'yan sa-kai su riƙa kunnawa bayan na tafi. Da muka gwada, Tela ya kama sanduna ya tsaya ƙyam, gumi na zuba, ƙafar hagu ko motsi. Na ɗauki ganga, sai ya taka. Na zaci sabo ne da fuskata, har na fara jin kaina wani abu.

Direban ƙungiyarmu ne ya ɗauke ni bidiyo a waya ina buga wa Tela. Da na saurara sai kunya ta kama ni. Bugu na biyu kullum a makare yake. Ashe hannuna jira yake sai ƙafar hagun ta sauka, kuma jiran yau daban, na gobe daban. Kiɗan da na ɗauka daidai yake, shi ya sa ba shi da amfani.

Yanzu ina koya wa mutanena su kalli ƙafa su buga. Wadda ta fi naci wata tsohuwar malamar makaranta ce, ita kuwa ganga a hannunta kamar mai kaɗe tabarma. Barci ya ƙaurace mini, lokaci kuma ba ya jira.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Gara ki ji daga bakina kafin wani ya kai miki.

Sun tafi ba da ni ba. A wajen gwaji shugaba ya yi ta tsayar da kiɗa saboda ni, wai ina ja musu baya. Na dage, na cije, amma idona sai ya sauka ƙasa yana neman ƙafa, hannuna kuma ya tsaya jira. Ya ce hannuna ya lalace, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ɗauki wani makaɗi. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yanzu ba na iya duba hotunan da suke turowa.

Jiya ina baranda, na rufo ƙofar ɗakin ina waya da wani da ya sake karya alkawari. Daga ciki ina jin Malama tana azabtar da gangata, bugu ɗaya, dogon shiru, sannan wani. Har na yi niyyar shiga in karɓe. Kafin in kashe wayar sai ƙofa ta buɗe. Tela ne tsaye, hannunsa mai lafiya a kan mariƙi, babban ɗansa a bayansa yana share ido.

Tun da nake ban taɓa jin kiɗa mai muni irin wannan ba, Yaya, kuma shi ya kawo shi ƙofa. Ni ko a ɗakin ba na nan. Ban san ko murna nake ko kishi ba, na dai zauna a kan benci na yi kuka.

Jibi za a kawo mana wata mata, ita tata ƙafar dama ce. Malama ta ce ita za ta buga, ni in ji da waya.

Ki gaida yara, ki shafa mini kan ƙaramar.
Ƙanenki, Auta