An Ɓoye Tukwanen Yara

Tudun Wada, daren Laraba, Yuni 1956

Baban Ladi, muna lafiya lau, sai dai jariri yana tari, Ladi ta ƙi cin tuwo.

Yau masu ba da tallafi suka zo makaranta su ga ko za su ci gaba da biyan Iya Kande, mai koya wa yara ginin tukwane. Sai hedimasta ya ɓoye tukwanen, wai yumɓu ƙazanta ne a gaban baƙi. Suka tafi ba su ga komai ba!

Saboda yumɓun nan Ladi ta daina gudu daga makaranta. Ɗazu ta ce, "Inna, in Iya ta tafi, ba zan koma ba."

Gobe zan ɗora tulun da Ladi ta gina a kaina har ofishin masu tallafin. Sai da na yi goyo na koyi karatu. Ladi ba za ta yi irin tawa ba.